Kujerar da Mai Kushin Ya Ƙi Gyarawa

Duk wanda ya taɓa kai kujera shagon Mai Kushin ya san ba a yi masa gaggawa. Za ka sauke kujerarka a ƙofar shago ka fara zuba bayani, yadin nan ya yage, ƙafar can tana rawa, shi kuwa ko kallonka ba zai yi ba. Sai ya tofar da ƙananan ƙusoshin da ke bakinsa cikin gwangwani, ya goge hannu a gaban riga, ya durƙusa ya ɗora tafinsa daidai inda soso ya lotsa. Ya danna, ya saki, ya tsaya kallon yadda soson ke tasowa. Sai a nan zai buɗe baki, kuma abin da zai faɗa ba ruwansa da yadi.

"Maigidan nan a hannun dama yake zama, da ƙafa ɗaya a naɗe. Yara suna tsalle a tsakiya. Wancan gefen na baƙi ne, kuma ba ku cika yin baƙi ba."

Sai ka ga mai kujera ya riƙe haɓa. Wata mata ta taɓa ce masa, "Malam, ni fa gyara na kawo, ba duba ba." Ya ce mata ai gindin mutum ba ya ƙarya, bakinsa ne ke yi. Ta yi dariya har da tafa hannu, kuma daga ranar duk kujerun danginta nan ake kawo su.

Mutum ne gajere, mai kaurin yatsu, ya haura sittin, kuma ƙamshin gam ya kama jikinsa yadda ko ya yi wanka ya sa sabuwar riga matarsa tana cewa shagon ya biyo shi gida. Ya shiga sana'ar tun bai fara gemu ba. Shagon nasa siriri ne, a matse tsakanin mai walda da mai sayar da tayoyi. Falle-fallen soso a jingine har rufi, keken ɗinki a bakin taga saboda haske, almakashi rataye da igiya don kada maƙwabta su ara su manta. Yana alfahari da aikinsa, alfaharin ma har ya so ya yi yawa. In ka ce masa ɗinkinsa ya karkace, gara ka taka masa ƙafa.

Amma a kusurwar shagon, can bayan keken ɗinki, akwai wata kujera mai cin mutum ɗaya da ta zame masa abin tsokana. Yadinta ruwan ƙasa ne da ya koɗe, mazauninta ya lotsa ya yi zurfi kamar kwano, kuma bango take fuskanta. Ba ya zama a kanta, ba ya barin kowa ya zauna, ko 'ya'yansa lokacin suna ƙanana. Mai walda ba ya gajiya da ita.

"Haba Mai Kushin, wannan ai zubar da mutuncin sana'a ne. Kana gyara na mutane, taka tana kuka a lungu?"

"Layi take bi," in ji shi.

Shekara talatin da biyu ke nan tana bin layi, kuma har yau ba a zo kanta ba.

'Ya'yansa huɗu. Ta ƙarshen, wadda kowa ke kira Auta, malamar firamare ce, kuma duk gidan ita ce mai baki. In ta shigo shago tun daga titi za ka ji muryarta, tana tsokanar mai walda, tana kwaikwayon yadda babanta ke danna kujera yana lumshe ido. Da ta yi aure ya haɗa mata doguwar kujera mai cin mutum uku, da hannunsa tun daga katako har ɗinkin ƙarshe. Ya sa mata soso mafi tauri da yake da shi. Ya buga ƙirji ya ce ko shekara goma za a yi ba za ta nuna alama ba.

Shekara ɗaya da rabi aka yi. Ran nan da hantsi sai ga mijin Auta, direban wani kamfanin raba kaya, mutum mai ladabi da ƙarancin magana, ya tsaya da mota a ƙofar shago, kujerar tana baya. Ya durƙusa ya gaida surukinsa, ya sosa ƙeya, ya ce, "Baba, a yi haƙuri, ina jin soson nan ne ya mutu. Gefe ɗaya ya zauna gaba ɗaya."

To, a nan Mai Kushin ya tafka kuskuren da babu mai iya tafka shi sai shi. Mutumin da ya shekara arba'in yana karanta kujerun mutane, ranar bai karanta ba. Kunnensa ya ji "soson ya mutu", a gaban mai walda kuma, sai zuciya ta ɗebe shi. Ko tafi bai ɗora ba. Ya hau faɗa da dillalin soso da ba ya wurin, ya ce duniya ta lalace, ana cusa wa mutane iska a ce soso ne. Kafin la'asar ya farke mazaunin, ya fizge tsohon ya jefar a bayan shago, ya yanka sabo ya ɗinke tsaf. Ya ce wa surukin, "Je ka, in ta sake lotsawa ka canza mini suna." Ko tambayar lafiyar Auta bai wuce ta gaisuwa ba.

Wata huɗu kacal, kujerar ta dawo.

Wannan karon mijin ya sauke ta kawai ya koma gefe. Mai Kushin ya tsaya a kanta ya daɗe. Sannan ya tofar da ƙusoshin bakinsa, ya durƙusa, ya ɗora tafi. Mazaunin tsakiya da na dama suna nan daram kamar jiya aka yi su. Na hagu ya yi zurfi, zurfi ɗaya, a wuri ɗaya. Ba lotsawar mai kallon talabijin ba ce, domin shi yana juyi, yana miƙa ƙafa, yana jingina. Wannan bai jingina ba, soson baya ko alamar kafaɗa babu. Mutum ne mara nauyi da yake zama a bakin kujera, ya duƙa gaba, ya wuni bai motsa ba. A kan hannun kujerar akwai wuri ɗaya da yadi ya yi sheƙi, inda gwiwar hannu ke tokarewa in an yi tagumi. Ya san wannan zaman.

"Wa ke zama nan?" ya tambaya, ko da yake ya sani.

"Ita ce, Baba."

"Tun yaushe?"

Mijin ya sunkuyar da kai. Ya ce ya kusa shekara. Ta ɗauki hutu a makaranta, hutun ya ƙare ba ta koma ba. Yana fita da safe ya bar ta a wurin, ya dawo da yamma ya tarar da ita a wurin, shayin da ya haɗa mata ya huce a gabanta. Da fari ya ce kasala ce. Mai kemis ɗin layinsu ya ce ƙarancin jini ne, ya ba da maganin ƙarin jini, ta shanye kwalba uku. Shugabar makarantarsu ta ce gajiya ce, duk malamai suna yi. Mahaifiyarsa ta zo ta duba, ta ce son jiki ne da sangarta irin ta 'yan auta. Shi kuwa yanzu ya fara tunanin ko shi ne ba ta so, ko wani laifi ya yi mata take fushi ta ƙi faɗa.

"Ita me ta ce?"

"Ba komai. Kullum ba komai. Jiya ne ta ce mini wai da za ta kwanta ba ta farka ba, da kowa ya huta. Ta faɗa kamar tana cewa a rufe taga. Baba, wallahi tsoro nake ji."

Mai Kushin ya dafa kujerar ya miƙe da ƙyar. Ya ce a bar ta a nan.

Abin da surukin bai sani ba, kuma babu ɗaya cikin 'ya'yan da ya sani, shi ne labarin kujerar lungu. Shekara talatin da biyu da suka wuce, Mai Kushin yana ganiyar ƙarfinsa, aiki har yana mayarwa, ga ɗan fari an haifa masa lafiyayye. Babu wanda ya mutu, babu abin da ya ƙone. Wata safiya ya buɗe shago, ya zauna a kujerar da ya gama haɗawa don ya ɗan huta, sai ya ji ba shi da dalilin tashi. Haka kawai. Guduma ta yi masa nauyi, gaisuwa ta yi masa nauyi, abinci ya koma kamar yana tauna soso. Ya juya kujerar ta kalli bango don kada masu wucewa su yi masa magana. Wata bakwai yana zuwa shago yana yin wannan zaman.

Shi ma an raɗa wa abin sunaye, kowa da nasa. Mahaifinsa ya ce lalaci ne, ya tsaya a kansa yana cewa, "Me ka rasa? Faɗa mini abu ɗaya da ka rasa." Abokai suka ce girman kai ya fara. Wata gwaggonsa ta ce tunani ne, ya rage tunani, sai ka ce tunani famfo ne da ake murɗawa a rufe. Shi kansa ya yi ta auna kalmomin da ya sani, ko wacce ya ɗauka sai ya ga ba ta kai ba. Baƙin ciki yana da sanadi, za ka iya nuna shi da yatsa. Ɓacin rai kafin yamma ya sauka. Damuwa tana da abin da take damuwa a kai, shi kuwa ko damuwar ba ya iya yi. Kaɗaici na wanda ba shi da kowa ne, shi ga mata ga jariri. Ƙunci ya fi kusa, amma ƙunci matsewa ne, shi kuma ba matsewa yake ji ba, wayam yake ji. Matarsa ce kaɗai ba ta ba abin suna ba. "Zaman nan" take ce masa. Kullum da rana ta goyo ɗan ta zo, ta shimfiɗa buhu a ƙasa kusa da ƙafarsa, ta ɗauki allura tana ƙarasa ɗinkin mutane yadda ta iya, ba ta tambayarsa komai.

Wani dattijo ma'aikacin asibiti da ya kawo benci gyara shi ne ya dube shi ya ce, "Ɗana, wannan ciwo ne, kuma ana maganinsa." Ya kai shi wurin likita. Sai dai ɓangaren da suka shiga shi ne wanda mutane ke nunawa da baki suna cewa na masu taɓin hankali ne. Mai Kushin ya sha magani, ya yi ta komawa ana zantawa da shi, a hankali guduma ta koma nauyinta na da. Amma ya sa matarsa ta yi masa alkawari ba za ta taɓa faɗa ba, kada wata rana a ce wa 'ya'yansa ubansu ya taɓa zarewa. Kujerar ce kawai ya kasa gyarawa, ya kuma kasa jefarwa.

Ranar da kujerar Auta ta dawo bai iya cin abincin rana ba. Matarsa ta zauna ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Zaman nan ne."

"Shi ne."

"To ka gaya mata."

"In gaya mata me? In dubi 'yar cikina in ce ubanki ya taɓa..."

"Kai ka ɓoye naka, ita ta ɓoye nata, sai ku yi ta ɓoyo har a fito da ita a kwance. Ai taurin kan nan ba a ƙasa ta tsince shi ba, Malam." Ta ja kwanon daga gabansa ta rufe. "Ni na riƙe maka alkawari shekara talatin. Bakina ya gaji, amma ba ni zan kwance shi ba."

Washegari ya tafi gidan Auta. Ita ta buɗe masa ƙofa, ta rame har zoben hannunta yana yawo. Ta yi murmushi irin na dole, ta gaishe shi, ta koma ta zauna a ƙasa daidai inda kujerar take a da, ta jingina kafaɗa da bango. Labule a sauke, littattafan 'yan ajinta a kan tebur ƙura ta rufe su. Ya shirya maganarsa tun a hanya, amma da ya ga 'yarsa mai cika gida da surutu ta koma haka, tsoro ya rikiɗe masa ya zama faɗa.

"Ke Auta, wai me ke damunki? Ga miji na kirki, ga aiki, ga lafiya. Me kika rasa? Faɗa mini abu ɗaya da kika rasa!"

Bai rufe baki ba ya ji muryar mahaifinsa a cikin tasa, kalma da kalma. Auta ta dube shi da idon da ya sani, idon wanda aka ƙara wa kaya a kan kaya. Ta ce, "Ba komai, Baba. Ka yi haƙuri." Ya fito yana jin kunyar da bai taɓa ji ba, ya taka har shago da ƙafa bai san ya iso ba.

Kwana biyu yana yanka yadi a karkace. A na uku ya kira surukin a waya ya ce ya kawo masa Auta shago, zai canza wa kujerar riga, kuma ita yake so ta zaɓa. Dabarar da ya iya ke nan. A ɗakin mutane bakinsa mutuwa yake yi, a shagonsa kuwa ko ba komai ya san inda zai sa hannunsa.

Suka zo da hantsi. Mijin ya tsaya waje wurin mota. Mai walda ya leƙo zai fara tsokanarta, ya ga fuskarta, ya haɗiye maganarsa ya koma. Mai Kushin ya baza mata yadi kala biyar a kan tebur, ta dube su ta ce, "Duk ɗaya ne, Baba." Wannan yarinyar da take iya wuni tana musu a kan bambancin shuɗi da shuɗi. Tsayuwar ta gagare ta, ta waiga tana neman wurin zama. Tata kujerar ya kife ta a kan benci da gangan, sauran duk ƙwarangwal ne babu soso.

"Zauna a waccan," ya ce, ya nuna lungu.

Ta dube shi. "Wadda kake hana mu?"

"Zauna."

Ta zauna a hankali, sai ramin ya karɓe ta. Ba ta jingina ba. Ta duƙa gaba, gwiwar hannunta ta sauka a kan hannun kujerar, daidai wurin da yadin ya yi sheƙi tun kafin a haife ta. Sannan ta ɗaga hannun ta dubi wurin, ta miƙe, ta juyo ta ɗora tafinta a cikin ramin, ta danna ta saki. Ba kwaikwayon wasa take yi ba yau. 'Yar Mai Kushin ce, a shagon nan ta yi rarrafe.

"Mai kujerar nan ba ya jingina," ta ce a hankali. "Ba ya juyi. Bango yake kallo." Ta sake dannawa, soson bai taso ba. "Ya daɗe, Baba."

"Wata bakwai."

"Wane ne?"

Ga amsa nan a bakinsa a shirye, wani ne ya kawo gyara bai dawo ba. Da ya faɗe ta shi ke nan, mutuncinsa yana nan yadda ya ajiye shi. Ya dubi wuyan 'yarsa da ƙasusuwa suka fito. Ya tofar da ƙusa ɗaya da ta rage a bakinsa.

"Ni ne."

Ya jawo buhu ya shimfiɗa a ƙasa ya zauna, ita ta koma cikin kujerar. Ya ba ta labarin duka, har ɓangaren asibitin, har safiyoyin da ya buɗe ido ya ji haushin buɗewar. Ya ce mata shi ma an ce lalaci ne, an ce girman kai, an ce tunani. Ya ce likita ciwon damuwa ya kira shi, kuma ko shi sunan bai gama rufe abin ba, amma ya fi sauran da abu ɗaya: cikin duk sunayen, shi kaɗai ne ba zagi ba, kuma shi kaɗai ne aka ba da magani a kansa. Ya ce tambayar da ya yi mata rannan ta yafe masa, ya fi kowa sanin ba ta da amsa.

Hawaye suka jiƙa wa Auta gaban mayafi. Mijinta ya ce daga baya rabon da ya ga ta yi kuka ya fi wata shida, har kukan ma ya ɗauke mata.

"Na zaci ni kaɗai ce," ta ce. "Na zaci lalacewa na yi." Ta share hanci da bakin mayafi. "Yaya aka yi ka tashi?"

"Ba rana ɗaya ba. Kuma ba ni kaɗai ba. Uwarki ta zauna a nan inda nake zaune, wani bawan Allah kuma ya kai ni inda ya kamata. Gobe da safe zan rufe shago mu je tare. Ni zan fara shiga, na san hanya."

Ba ta ce "to" ba, amma wannan karon ba ta ce "ba komai" ba. Ya miƙe yana dafa gwiwa, ya leƙa ya yafito mijin. Sannan don ya samu abin yi da hannunsa ya ɗauki almakashi ya nufi kujerarta da ke kife a kan benci.

"Bari in farke wannan, kafin jibi na sa mata sabon soso."

"A'a, Baba." Muryarta ta ɗan fito, karo na farko tun shigowarta. "Ka bar ta yadda take tukuna. In ka cike ramin, zan sake lotsa shi, a sake cewa soso ne."

Mai Kushin ya tsaya da almakashi a hannu. Sai ya mayar da shi ya rataye a igiyarsa. Ya ce wa surukin ya kama masa wancan gefen, suka sauke kujerar daga kan benci, suka kai ta lungu suka ajiye kusa da tsohuwar.